Malami da Motar Yanka

A duk unguwar da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda, ba wanda ya raɗa wa Malami suna Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa, ranar da ya kwance rediyon maƙwabci ya mayar aka sami rarar kusoshi huɗu da wata 'yar waya. Rediyon bai sake magana ba, amma sunan ya zauna.

A bayan gidan gadonsu akwai rumfar kwano, a ƙarƙashinta kuwa motar marigayi mahaifinsa ce: doguwa, ja, mai ƙofa biyu, ƙirar Amurka, silinda takwas. Tsohon ya same ta daga hannun wani Bature mai sayen gyaɗa da zai koma gida, kuma saboda rurinta aka sa mata suna Zakanya. Shekara talatin ke nan rabonta da ruri. Kaji ke yin ƙwai a kujerar baya, ɓeraye sun cinye ta gaba. Duk da haka ba baƙon da zai zo gidan ya fita Malami bai kai shi rumfar ba, ya bubbuga bonet, ya ce wata ɗaya kacal yake nema.

Wata Asabar, yayarsa Hajiya Barakatu ta zo daga Zurmi. Ita ce babba, kuma tun rasuwar iyayensu maganarta ke yanke hukunci. Ta tsaya gaban motar ta daɗe tana kallo.

"Malami, wagga mota ta isa haka nan. Wurin nike so, in sa injin niƙa matan gidan ga su sami abin yi."

"Yaya, motar Baba ce hwa! Wata ɗaya kacal..."

"Tun ina goyon Laila kake hwaɗin wata ɗaya. Yau ɗiyar Laila za ta yi saukar karatu." Ta gyara mayafi. "Saura sati shida walima. Ka zo mini da ita Zurmi da ƙafarta, in bar maka ita da rumfar. Ran walimar da hantsi zan turo Abdullahi mai gwangwani, maƙwabcina mai sayen tsohon ƙarfe. Abin da ya iske ƙarƙashin rumfar ga, nashi ne, ya sare."

Malami ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Sati shida? Yaya, kin raina ni. Ki ce ma mutanen Zurmi su toshe kunnuwa."

Washegari ya je garejin Malam Zakariyya, tsohon bakanike da ya taɓa gyara Zakanya tun tana tafiya. Ya same shi kwance ƙarƙashin wata motar haya, ƙafafu kawai ake gani. Malami ya tsuguna ya nuna wa ƙafafun wayarsa.

"Malam Zakariyya, na binciko wata dabara ta Turawa. Kayan irin wagga mota sun ƙare a duniya. To sai ka nemo 'yar'uwarta wadda ta mutu, ka kwashe na jikinta ka sa ma taka. Ba kowa ya san wanga ilimi ba."

"Motar yanka ke nan," in ji murya daga ƙasa. "Tun ba a haihe ka ba muke yi. A sayo tsohuwa, a yanka ta, a raba kayan."

"To, na ga kai ma ka ɗan taɓa karatu."

"Akwai irinta guda a Jangeru, gidan wani Hammadu. Daga Nijar ta shigo. In za ka tahi ka tahi da ni, in duba maka."

"Ni za a duba ma mota?"

Malami ya miƙe ya kaɗe riga. A ranar ya sayar da babur ɗinsa, ran Alhamis kuma ya bi ayarin 'yan kasuwar Shinkafi, don hanyar ba ta mutum ɗaya ba ce yanzu. Daga Shinkafi ya wuce Jangeru. Motar tana nan bayan rumbun Hammadu, baƙa ƙirin, an jibga mata karan dawa. Hammadu ya fara bayani, wai mai ita ya rasu ne kawai, amma ita lafiya lau aka ajiye ta. Malami ya ɗaga masa hannu.

"Kai makiyayi ne, ni injiniya. Ka bar ma kowa fanninshi."

Da aka gama ciniki ya kira matarsa Asiya. Wajen ba sabis sosai, sai da ya hau turmi.

"Asiya! Na samu ta yanka! Baƙa, ƙatuwa, tun daga Nijar!"

"Ta yanka? Baban Nazifa, da gaske?"

"Sai mutum goma sun kama ta! A share tsakar gida, a buɗe babbar ƙofa. Ki ce ma Jaji ya tara mini majiya ƙarfi, da la'asar muna nan!"

Wayar ta katse. Jaji kuwa mahauci ne, rumfarsa ta tsire tana bakin layin, shi da Malami tare suka tashi. Mutum ya tafi Shinkafi ranar kasuwar dabbobi, ya ce ya samu ta yanka, ya ce a kira mahauci. Asiya ba ta ga abin tambaya ba. Ta aika aron tukwane uku da babban kasko. Ta sa aka daka yaji. Labari ya zagaya unguwa cewa Malami ya sayo saniyar Azawak, irin manyan nan na Nijar, zai yi wa mahaifinsa sadaka. Kafin la'asar ƙofar gidan ta cika: mata da kwanoni a ƙarƙashin hijabi, tsofaffi a kan tabarma, ladan da kansa ya zo da 'yar roba. Jaji ya wasa wuƙaƙe uku, ya haƙa ramin jini, ya naɗe hannun riga.

Sai ga tifa ta shawo kwana tana jan baƙar mota da igiyar shanu. Malami na cikin baƙar motar, ya fito da hannu ta taga yana ɗaga wa jama'a.

"Kai, na gode! Ban san unguwar ga ta san darajar injiniyanci haka ba!"

Jaji ya zagaya tifar, ya leƙa bayanta, ya dawo.

"Injiniya, ina saniyar?"

"Wace saniya?"

"Ta yanka."

"Ga ta nan gabanka!"

Jaji ya dubi motar, ya dubi wuƙar hannunsa.

"To ina wuyanta? In san inda zan fara."

Wata tsohuwa ta juya kwanonta ta ce ita da ta taso tun daga bakin kasuwa, ko taya ce a yanko mata. Ladan ya tura robarsa aljihu ya ce lokacin salla ya yi, ko da yake bai yi ba. Asiya ta leƙo daga zaure, ludayi a hannu.

"Baban Nazifa, albasar da na yanka kwano biyu hwa?"

"Wa ya ce ki yanka albasa?"

"Wa ya ce ka hau turmi ka yi magana rabi?"

Majiya ƙarfin da suka zo kayar da saniya su aka roƙa suka tura mota. Sun tura, amma duk tsawon hanyar zuwa rumfa suna kukan shanu.

Da safe Malam Zakariyya ya zo ba a gayyace shi ba, da batir a kafaɗa da galan na mai. Ya buɗe baƙar motar, ya hura nan, ya goge can, ya ɗiga mai a kafireto, ya haɗa waya biyu. Motar ta yi tari sau uku, sannan ta saki wani ruri da ya sa kaji suka tsallake katanga.

Tsohon ya kashe ta, ya goge hannu.

"Malami, wagga ba ta yanka ba ce. Da ranta. Ka bar ta yadda take, mu ɗauki abin da ya kamata kaɗan-kaɗan, ni in..."

"Na san da ranta," in ji Malami, wanda saura kaɗan ya faɗi don firgita. "Da gangan na zaɓo mai rai. Kayan mai rai sun fi ƙarko."

"To bari in yi maka aikin."

"A ce Zakanya ta tashi da hannun wani? Malam Zakariyya, ka je, ran da za ni Zurmi in rage maka hanya."

Sati biyu Malami yana kwance-kwance. Ya kwance baƙar mota, ya kwance jar. Ya baje kayan a kan tabarmi tun daga rumfa har bakin madafa, ba a zuwa rijiya sai an tsallake salansa. Don kada su gauraya, ya sayo alli. Duk abin da ya fito daga motar mahaifinsa ya rubuta masa "Baba", na ɗayar kuma "Yanka". Ya kira Jaji ya nuna masa.

"Ka ga tsari? Ko a Jamus iyakar abin ke nan."

Jaji ya ɗaga kai ya dubi gabas.

"Jamus ana ruwa kuwa?"

Ruwan da aka yi a yammacin nan shi ne na farko mai ƙarfi a daminar. Da ya ɗauke, ba Baba ba Yanka. Ƙarafa ne kawai masu sheƙi, wasunsu ma ruwa ya kai su bakin magudana. Malami ya tsaya a tsakiyarsu da wando a naɗe.

"Ba komai. Ni da ido nike gane su."

Ya ɗauki wani ƙarfe mai hannu ya ce wannan na birkin Baba ne. Asiya ta karɓe abinta. Mariƙin injin taliyarta ne.

Haka ya ci gaba. Abin da ya ƙi shiga ya sa masa guduma, abin da ya yi sako-sako ya ɗaure da tsohuwar robar taya. A sati na huɗu ya kai ga sitiyari, nan ne ya lura da abin da tun a Jangeru yake gabansa. Motar mahaifinsa tun kafin canjin hannu aka shigo da ita, sitiyarinta a dama yake. Ta Nijar kuwa nata a hagu. Akwatin sitiyarin Baba ya ci tsatsa ya daskare, na baƙar kuma lafiya lau, sai dai duk ramukansa a ɗaya ɓangaren suke.

Malami ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa. Da ya kifa shi, ramuka biyu suka dace.

"Shi ke nan! Turawan ma ba su san ana haka ba."

Ran gwaji ya sa babbar riga. Ya aika aka gaya wa unguwa. Mutane suka fito, wannan karon ba kwanoni. Aka turo Zakanya bakin layi, aka tura, aka sake turawa, sai ta yi wata ƙara kamar an jefa duwatsu a durom, ta kama. Baƙin hayaƙi ya rufe masu turin. Malami ya leƙo ta taga.

"Jaji! Ka hwaɗa ma jikokinka ka ga wagga rana!"

A ƙarshen layin hanya ta yi dama zuwa titi. A hagu rumfar Jaji take. Malami ya murza sitiyari dama. Zakanya ta yi hagu. Ya ƙara murzawa dama da ƙarfi, ta ƙara yin hagu da biyayya. Ya taka birki, hon ya yi kuka. Jaji ya yi tsalle ɗaya ya haye teburin mai shayi, motar kuwa ta shige rumfar, ta ɗauki tukubar tsire a kan bonet, ta tafi da ita taku goma, ta tsaya cikin kwata. Wani abu mai nauyi ya faɗo daga ƙarƙashinta, ya gangara, ya kwanta.

Malami ya fito da tsinken tsire a hula.

"Kun ji rurin dai? Kun ji shi?"

"Mun ji," in ji Jaji daga kan tebur. "Shekara ashirin rumfar ga tana nan, ko akuya ba ta taɓa bankarta ba. Mi na yi maka?"

"Kai ka kafa rumfa kan hanya."

"Hanya tana can! Can ka nuna da hannunka!"

"Motocin Amurka haka suke, sai mutum ya saba."

Saura kwana tara. Malami ya je garejin Malam Zakariyya, ya yi sallama da murya ƙasa-ƙasa, ya tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya har da na surukai. Tsohon ya bi shi gida. Ya duba Zakanya sama da ƙasa, ya zura hannu ya ciro guntun ludayi daga cikin lagireto, ya ajiye.

"Jar dai ta gama. Ka fasa mata gindin inji, ƙashin bayanta ma ya tsage. Ko shekara anka ba ni ba ta zuwa Zurmi. Abin da zan iya guda ne: in mai da kayan cikin baƙar, tunda can sunka fito. Ita za ta tashi."

Sai fuskar Malami ta washe.

"Abin da nike shirin hwaɗa ke nan ka riga ni. A mai da su. Sannan a shafa mata jan fenti, a ɗaura mata lambar Baba, a rataya tasbaharshi a madubi. Ƙira ɗaya ce. Yaya rabonta da shiga motar ga tun tana budurwa."

"Ni gyara na sani," in ji Malam Zakariyya. "Abin da za ka hwaɗa ma Hajiya, kai da Allah."

Kwana bakwai tsohon ya yi yana tsince kaya daga tabarmi, daga kwata, daga kwandon wanke-wanken Asiya. A na takwas baƙar mota ta yi ruri lafiyayye. Fenti kuwa Malami ya ce nasa ne, ba mai taɓa masa. Ya sayo na ƙofa, ya shafa da burushi har ya zuwa jajibirin walima. Gangar jikin Zakanya, wadda ba inji ba taya, ya ja ta can ƙuryar rumfa, ya lulluɓe da tamfol, ya jingina zana uku.

"Baban Nazifa," in ji Asiya, "ba ka ganin gara a hwaɗa ma Yaya gaskiya?"

"Ke dai ki sa atamfarki mai kyau. Gidan gaba za ki zauna."

Ran walima suka kama hanya da sassafe, shi da Asiya a gaba, Malam Zakariyya a baya da akwatin sifanu a cinya. Jaji ya ce shi ba ya zuwa, yana da gyaran rumfa. Motar ta yi tafiya kamar ba ta taɓa tsayawa ba. Duk ƙauyen da suka ratsa sai Malami ya taka totur, ya danna hon. Sau uku suna tsayawa, ba don ta lalace ba, sai don ya ga taron mutane yana son su tambaye shi.

Sun isa Zurmi an gama karatu ana rabon abinci. Rurin ya riga su shiga layin. Maza suka tashi daga tabarmi, mata suka cika ƙofar gida. Malami ya zagaya fili sau biyu kafin ya tsaya, ya bar injin yana gurnani, hannu ɗaya a kan taga.

"Ina masu cewa ba ta tashi? A kira mini Yaya!"

Hajiya Barakatu ta fito cikin farin mayafi. Da ta ga jar mota da lambar mahaifinta, da tasbaha tana lilo a madubi, sai ta tsaya cik. Idonta ya cika.

"Allahu akbar. Malami, ashe na zalunce ka." Ta share ido. "Bari in zauna wurina. Nan Baba ke aza ni in za mu Gusau."

Ta nufi ƙofar hagu ta buɗe. Ta iske Malami zaune, sitiyari a ƙirjinsa. Ta dube shi. Ta leƙa ɗaya ɓangaren, ta ga Asiya tana kallon yatsun ƙafarta.

"Malami. Baba ta wane hannu yake tuƙi?"

"Dama, Yaya."

"To mi ya kawo sitiyari nan?"

"Canjin hannu na yi mata! Gwamnati ta yi umarni tun saba'in da biyu, Baba bai samu sukuni ba. Ni na cika mishi."

Wani dattijo ya gyaɗa kai ya ce lalle an yi haka, shi ma yana tunawa. Aka fara "sannu Injiniya" daga baya. Malami ya fito, ya buɗe hannuwa, ya fara bayanin yadda ake ɗauke sitiyari daga dama a kai shi hagu ba tare da mota ta sani ba.

Hajiya ta dafa rufin motar don ta zagaya. Da ta ɗaga hannu, tafinta ya yi ja wur, a rufin kuma ga shatin yatsu biyar, baƙi ƙirin.

"Wanga hwa?"

"Shi ne... asalin fatarta ke nan. Duk jar mota baƙa ce daga ciki. Malam Zakariyya, ba haka ba ne?"

"Ni tuwo nike ci," in ji Malam Zakariyya, wanda tuni ya sami wuri a tabarma.

Ana cikin haka wata tsohuwar a-kori-kura ta shigo layin tana rangaji. Abdullahi mai gwangwani ke tuƙi. A bayanta an ɗaure wata doguwar gangar mota, ja, an raba ta biyu an aza rabi kan rabi, gashin kaji yana tashi daga ciki. A can saman, zaune kamar mai gadin kaya, Jaji ne.

Abdullahi ya sauko ya rusuna.

"Hajiya, an cika umarni. Da hantsi munka isa. Mun iske ta ƙarƙashin rumfa, mun sare." Sai ya hango wadda ke gurnani a fili, ya yi turus. "A'a. Biyu ce?"

"Da ƙyar sunka gane ta," in ji Jaji daga sama. "An lulluɓe ta da tamfol da zana. Ni na nuna musu, kada bayin Allah su wahala."

Injin baƙar mota yana nan yana ta aikinsa. Malam Zakariyya ya tashi, ya miƙa hannu ta taga ya kashe shi.

Hajiya ta taka zuwa a-kori-kurar. Ta shafa ƙofar da aka sare, ta leƙa inda kujerarta take a da. Sannan ta juyo.

"Malami, wacce ce motar Baba?"

Malami ya dubi ta sama, ya dubi ta ƙasa.

"Yaya, abin yana da bayani. A ilmance, in ka ɗauki lamba..."

"Wacce?"

Ya nuna ta kan a-kori-kura da ɗan yatsa, ba tare da ya ɗaga hannun sosai ba.

"To ta zo Zurmi," in ji Jaji. "Sai dai ba da ƙafarta ba."

Dariyar da ta fashe har cikin gida aka ji ta, matan da ba su ga komai ba suka kama tayawa. Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta sa Malam Zakariyya ya kwance lambar mahaifinta daga baƙar mota, ta cire tasbahar da hannunta ta sa a jaka. Ta zare makullin ta miƙa wa tsohon.

"Kai ka tashe ta, na sani. Ka mai da Asiya gida, ka aje ta garejinka, ka wanke mata wanga jan abu. Kada ka bari ya matso kusa da ita ko da tsinke."

"Yaya, ni hwa?" in ji Malami. "Babur ɗina na sayar! Ba a bar mini komai na Baba ba?"

Hajiya ta yi magana da Abdullahi. Ya hau, ya yi 'yan ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashe, ya sauko da sitiyarin Zakanya, wanda gefensa na dama ya sha hannun marigayi har ya yi santsi. Ta riƙe shi ɗan lokaci, sannan ta danƙa wa ƙanenta.

"Ga gadonka. Wanga dai duk inda ka murza shi ba ka rushe ma kowa rumfa."

Da la'asar ayarin masu komawa Kaura ya tashi. Baƙar mota tana gaba, Malam Zakariyya na tuƙi, Asiya da Jaji a ciki. Can baya ɗan kabu-kabu ne ɗauke da Malami, babbar riga ta cika da iska, sitiyari a hannu biyu ya tokare bayan mai babur. Da suka zo kwanar fita gari, Malami ya murza shi hagu, babur ya yi hagu. A kwana ta biyu ya murza dama, babur ya yi dama.

Ya taɓa kafaɗar ɗan kabu-kabun.

"Ka gani? Na san ba daga hannuna matsalar take ba."